Malamin Katsina Da Malamin Ingila: Imani, Lissafi Da Ilmin Asiri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yaron da ya ke zuwa makarantar boko a Badarawa da safe, ya koma Islamiyya da la'asar, in an tambaye shi darasin da ya fi ba shi wuya, mai yiwuwa ne ya ce kimiyya. Bai san kalmar nan da ya furta tana ɗauke da gardamar shekara fiye da dubu ba. Asalinta Larabci ne, al-kimiya'u, kuma a littattafan magabata ma'anarta ita ce sana'ar masu neman juya dalma ko tagulla su zama zinariya. Daga gare ta Turawa suka samo sunan fannin haɗa sinadarai, Hausawa kuma suka ɗauke ta suka raɗa wa dukkan ilmin binciken halitta. Don kada a rikice, a cikin wannan darasi tsohuwar sana'ar za a kira ta alkimiyya, ilmin zamani kuwa kimiyya.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan al'amari, kuma kowane kashi yana da nasa kuskuren. Akwai wanda da ya ga hatimi a takarda sai jikinsa ya yi sanyi, ya miƙa kuɗin cefanen gidansa, yana zaton an buɗe masa ƙofar gaibu. Akwai kuma saurayin da ya yi karatun zamani, wanda ya ke ganin duk abin da kakanninsa suka rubuta da lambobi tsibbu ne, ilmin gaske kuwa a jirgin ruwa ya zo. Rayuwar wani malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1154 bayan Hijira, wajen 1741 Miladiyya, ta isa ta gyara wa duka biyun tunani.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, Bakatsine, ana kuma danganta shi da garin Ɗan Ranko. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya zo ne daga babban marubucin tarihin Misira, Abdurrahman al-Jabarti, a littafinsa Aja'ibul Asar, domin a gidan mahaifinsa malamin ya rasu. Ƙasar Katsina da ya tashi a cikinta ita ce wadda Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka bar wa gadon karatu. Al-Jabarti ya lissafa malamansa huɗu. A wurin Shaihu Muhammadu Fodu ya fara samun buɗi, ya lazimce shi gida da daji kamar shekara huɗu yana karatun nahawu da sarfu da adabi. Da farko malamin yana kiransa mai Maƙamat, saboda in an ambaci kalma guda daga littafin nan take zai kawo wadda ta gabace ta. Daga baya da ya gwanance a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi. Duk wanda ya taɓa zama a zaure gaban malamin Larabci ya san ba a ba da wannan laƙabi don wasa. A wurin Shaihu Muhammadu Bindu kuwa ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, da littattafan tauhidi na Sanusi, ya saurari Buhari da mafi yawan Muhtasar na Halilu. A wurin wannan malami ɗin dai ya ɗauki hisabi da ilmin sanin lokatai bisa hanyar mutanen Magrib, da ilmin haruffa da aufaƙi, watau hatimai.

A lura da wannan sosai. Malami ɗaya, zaure ɗaya, a nan aka karanta Buhari, a nan aka koyi fitar da lokacin salla daga inuwar rana, a nan kuma aka koyi asiran haruffa. A wancan zamani ba a yi musu ɗaki dabam-dabam ba, ko a Katsina ko a Alƙahira ko a Ingila.

To, mene ne hatimi a haƙiƙaninsa? A ɗauki mafi sauƙi, mai gida tara, wanda almajirai su ke kira hatimin Gazali. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ta ko'ina aka haɗa, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Mai gida 25 yana ba da 65. Ƙa'idar ita ce, a ɗauki yawan gidajen duka a ƙara ɗaya, a ninka da yawan gidajen layi guda, a raba biyu. A kan yadda a ke gina irin waɗannan, musamman masu layukan da ba su rabuwa biyu daidai, malamin Katsina ya wallafa Bahjatul Afaƙ wajen shekara ta 1145. A cikinsa ya bayyana hanyoyin cika gidajen a tsare, har da hanyar da a ke bin tafiyar doki na wasan shaɗaranji. Marigayi Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a kan littafin a wata mujallar Jami'ar Ibadan a 1967, daga nan wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta sanya shi a littafinta na tarihin lissafi a Afirka a 1973. Wannan lissafi ne tsantsa, wanda kowane yaro mai allo da alli zai iya gwadawa ya ga ko an yi daidai.

Inda hanya ta rabu shi ne abin da a ke cewa lambobin suna aikatawa. Masu wannan fanni su kan ɗauki suna su fitar da adadinsa da hisabin abajada. Sunan Allah Laɗifu, alal misali, adadinsa 129 ne, kamar yadda mutane da yawa suka sani. Sai a debe 12, a raba saura uku, a sami 39, a sa shi a gidan da 1 ya ke, a yi ta hawa har 47. Layin sama zai zama 42, 47, 40, na tsakiya 41, 43, 45, na ƙasa 46, 39, 44, kowanne 129. Wanda bai san ƙa'idar ba zai ce abin al'ajabi ne. Amma fa ɗan kasuwar da ya ke da buhun masara 129 a rumbu, in ya bi wannan hanya, gidaje taran nan zai samu ba ragi ba ƙari. Girman sunan yana cikin ma'anarsa da kiran Mai sunan da shi; lambar ba ta san inda aka ɗauko ta ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Abajadan Magrib, wanda malaman ƙasar Hausa suka gada, ya saɓa wa na Gabas a haruffa shida. Harafin sinun 300 ne a Katsina, 60 ne a Alƙahira. Shinun 1000 ne a nan, 300 a can. Saboda haka mutum mai suna Musa adadinsa 356 ne a hannun malamin Katsina, 116 a hannun malamin Azhar. In har rabon Musa da lafiyarsa da aurensa suna rataye da wannan adadi, wanne daga ciki ne nasa? Abajada yarjejeniya ce ta mutane, mai amfani ƙwarai wajen ajiye shekarar da aka gama waƙa ko littafi, abin da a ke kira ramzi. Ɗora mata sanin gaibu kaya ne da ba na kanta ba.

Hatimin nan mai gida tara shi ne kuma igiyar da ta ɗaure ilmin haruffa da alkimiyya. Ya zo a cikin littattafan da a ke jingina wa Jabiru ɗan Hayyanu, uban masu alkimiyya na Musulmi, inda aka ce a rubuta shi ga mace mai naƙuda. Littattafan Jabiru suna koyar da cewa kowane ƙarfe yana da zafi da sanyi da danshi da bushewa bisa wani ma'auni, kuma ana gane ma'aunin daga haruffan sunansa. Wanda ya iya sāke ma'aunin dalma ya mai da shi na zinariya, to ya gama aiki. Lambobin da wannan hanya ta dogara a kansu su ne 1, 3, 5 da 8, jimla 17. Masu bincike sun lura cewa su ne gidaje huɗu na kusurwar ƙasa ta hagu a hatimin, sauran biyar kuwa jimlarsu 28, yawan haruffan Larabci. Mutanen baya ma sun jera fannonin asiri biyar, kimiya da limiya da himiya da simiya da rimiya, suka ce haruffan farko in an haɗa su suna ba da kulluhu sirrun, watau dukkansa asiri ne.

A shekara ta 1142, wadda aikin hajjinta ya faɗo a 1730, Malam Muhammadu ya sauke farali, ya zauna a Makka. A nan ne abin da ke cikin zuciyarsa ya fito fili, domin shi da kansa ya faɗa a gabatarwar babban littafinsa cewa tun kafin ya isa an yi masa nasiha, in ya shiga ƙasashen Gabas, musamman Makka da Madina, kada ya bari kowa ya san yana da wani abu na ilmin haruffa ko bugun ƙasa, saboda yadda a ke amfani da su wajen ɓarna da haddasa fitina tsakanin mutane. Ya kuwa ɓoye na wani lokaci. Mutum ne da ya ƙetare sahara don ya tsaya a Arfa, ga shi ɗauke da wani ilmi da ya sha wuya kafin ya same shi, wanda kuma ya san in ya bayyana shi masu neman mallakar zuciyar wani da masu neman ganin bayan abokin gāba ne za su cika masa ƙofa. Duk da haka a Makkan ya soma wallafa Addurrul Manzum wa Hulasatus Sirril Maktum, a kan ɗalasimai da taurari, ya kammala shi a Misira cikin Rajab na 1146. An buga shi a Alƙahira a 1961.

Rabin sunan littafin yana nuna asalinsa. Taƙaitawa ne ga Assirrul Maktum, wanda aka danganta wa Imamu Fahruddin Arrazi mai babban tafsiri. Wannan littafi ya daɗe yana damun malamai. Zahabi ya ce sihiri ne ƙarara, ya yi fatan marubucinsa ya tuba. Subki kuwa ya musa cewa na Arrazi ne. Ibnu Kasir, a tafsirin aya ta 102 ta Suratul Baƙara inda labarin Haruta da Maruta ya zo, ya kawo ra'ayin Arrazi cewa sanin sihiri a kan kansa ba abin ƙi ba ne tun da ilmi ne, sa'an nan ya rushe shi gaɓa-gaɓa. Kai, ba sai an je nesa ba. Cikin malaman Bakatsinen da al-Jabarti ya ambata akwai wani mutumin Bagarmi, wanda masana tarihi suka ce shi ne Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, ya kawo waɗansu baitoci na wannan malami yana kuka da mutanen da suka bar Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu suka rungumi taurari don abin duniya. Watau ɗalibin ya ji zargin fannin daga malaminsa guda, ya koyi fannin daga ɗaya.

Gaskiya ba ta hana girmamawa. Malam Muhammadu babban malami ne, wanda ya bar littafi a nahawu, Bulugul Arab, da waƙa a manɗiƙi, Minahul Ƙuddus, tare da sharhinta. Amma abin da Addurrul Manzum ya ƙunsa na neman tasirin taurari da haɗa ɗalasimai, ma'aunin shari'a bai karɓe shi ba, kuma girman marubuci ba ya halatta shi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (S.A.W.) ya lissafa koyon duban taurari cikin yankin sihiri. Ranar da aka yi husufin rana daidai da rasuwar ɗansa Ibrahimu, mutane suka danganta abu biyun, ya hau mumbari ya kore wannan zato. Alhali kuwa aya ta 5 ta Suratu Yunus ta ambaci masaukan wata a matsayin hanyar sanin shekaru da lissafi. Daga nan malamai suka raba ilmin taurari biyu: na tafiyarsu, wanda da shi a ke gane alƙibla da lokacin salla da shigar damina, wannan halal ne, wani sashensa ma wajibi ne a sami masu saninsa, da na tasirinsu a kan rabon ɗan Adam, wannan haram ne. Laya mai ɗauke da Alƙur'ani kuwa mas'ala ce dabam da malamai suka yi saɓani a kanta, Risala ta Ibnu Abi Zaidin ba ta ga laifinta ba, waɗansu sun hana. Bayan zamanin Bakatsinen, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar magana a Nurul Albab a kan masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da taurari.

Kada mai karatu ya ce wannan cuɗanya ta mutanen Sudan ce kawai. Shekara uku kafin hajjin Malam Muhammadu, a 1727, aka binne wani mutum a Landan da irin girmamawar da a ke yi wa sarakuna. Shi ne Isaac Newton, wanda aka haifa a 1642, ya zama shehun malamin lissafi a Jami'ar Kambirij a 1669, ya fitar da littafinsa Principia a 1687. A cikinsa ya nuna da lissafi cewa ƙarfin da ke jawo ɗan itace ya faɗo ƙasa shi ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa. Duk ɗan sakandare ya san wannan. Abin da ba a koya masa shi ne, mutumin nan ya yi kusan shekara talatin yana hura wuta a murhu kusa da ɗakinsa a kwaleji, yana narka dalma da zaiba da sauran ƙarafa, yana neman dutsen masu hikima, watau iksirin da a ke cewa yana juya ƙarfe zinariya. Abin da ya rubuta da hannunsa a wannan fanni ya kai kimanin kalma miliyan ɗaya. A ciki har da fassarar da ya yi wa wani ɗan gajeren nassi da a ke kira Allon Zumurrudu, wanda mafi daɗewar kwafinsa da aka sani na Larabci ne, a littafin Sirrul Haliƙa. A 1676, da ya ji Robert Boyle ya ba da labarin wata zaiba mai ɗumama zinariya, sai ya rubuta wasiƙa yana ba da shawarar a yi shiru da maganar, don tsoron ɓarnar da za ta jawo wa duniya in ta faɗa hannun kowa. Nasihar da aka yi wa Bakatsine ke nan, da wani harshe.

Newton yana da asiri na biyu da ya fi na farko haɗari. Mai addini ne ƙwarai, ya kuma rubuta a bugu na biyu na Principia, a 1713, cewa tsarin rana da taurari ba zai fito ba sai daga Mai hikima Mai iko. Amma da ya duƙufa a kan Baibul da rubuce-rubucen shugabannin coci na farko, sai ya kai ga cewa aƙidar Allah uku cikin ɗaya an shigo da ita ne a ƙarni na huɗu. Sunan kwalejin da ya ke ci ya ke sha a cikinta kuwa Trinity, sunan aƙidar ke nan. Dokar kwalejin ta wajabta masa zama limamin coci, sai a 1675 Sarki Charles na biyu ya ɗauke wa mai riƙe da kujerarsa wannan sharaɗi. A 1690 ya aika wa abokinsa John Locke bincike a kan ayoyi biyu na Baibul da ya ke ganin an sauya, sa'an nan tsoro ya kama shi ya hana a buga. Sai 1754 ya fito. Tsoron nasa da dalili, domin magajinsa a kujerar lissafi, William Whiston, da ya faɗi irin wannan ra'ayi a fili, korarsa aka yi daga jami'a a 1710. A nan ya kamata a ja kunnen masu wa'azin da su kan ce Newton Musulmi ne a ɓoye. Bai musulunta ba. Kirista ne da ya saɓa wa cocinsa a wata babbar mas'ala, ya kuma yarda da gicciye Almasihu da tashinsa. Ƙara wa tarihi gishiri ba ya ƙara wa Musulunci kome.

Da ya mutu, wanda aka sa ya duba takardunsa ya rubuta a kan da yawa daga ciki cewa ba su dace a buga ba. Suka kwanta a gidan magada har 1936, da aka yi gwanjonsu a Landan. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya sayi da yawa daga cikin na alkimiyya, suna Kambirij yanzu. Na addini kuwa da yawansu suna birnin Ƙudus. A 1979 aka gwada gashin da a ke danganta wa Newton aka sami zaiba mai yawa a ciki, har waɗansu suka ce ita ta jawo masa rikicewar tunanin da ya yi a 1693, waɗansu suka musa. Abin dariya a cikin labarin shi ne, a 1696 aka ba shi aiki a gidan buga kuɗin Ingila, ya shiga farautar masu jabun kuɗi ba sassauci, har aka rataye wani gawurtaccensu, William Chaloner, a 1699.

Malaman Musulunci sun riga sun tattauna alkimiyya tun kafin a haifi kakan Newton. Alkindi ya yi rubutu yana tona yaudarar masu ita. Ibnu Sina, a Asshifa'u, ya ce iyakarsu su rina ƙarfe ya yi kama da zinariya ko azurfa, jinsinsa kuwa yana nan. Farabi da Ɗugra'i suka ce mai yiwuwa ce. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware mata babi a Muƙaddima, ya ce ba a taɓa jin wanda ya kai ga biyan bukata da ita ba, sai dai labarai. Ya kuma yi wata lura mai sa murmushi, cewa Ibnu Sina da ya ƙaryata ta waziri ne mai wadata, Farabi da ya gaskata ta kuwa matalauci ne. Ya siffanta waɗansu ɗalibai na Magrib masu fakewa a masallatan ƙauye, suna ruɗin masu dukiya cewa sun iya yin zinariya, su ci kuɗinsu, in asiri ya kusa tonuwa su gudu wani gari. An ruwaito daga Alƙali Abu Yusufu, almajirin Abu Hanifa, cewa mai neman dukiya ta alkimiyya tsiyacewa zai yi. Wanda ya ji labarin mutanen da a ke nuna wa akwati cike da baƙaƙen takardu, a ce kuɗi ne sai an sayo ruwan wanke su, ko masu neman jar zaiba, ko masu kai dubu goma ɗakin duhu don aljanu su mai da ita miliyan, ya san almajiran nan na Ibnu Haldun sun bar jikoki a Kaduna da Kano.

Sai dai ilmin yau ya zo da wani abu da ya kamata a faɗa don adalci. Juya wani ƙarfe ya zama wani mai yiwuwa ne. Bambancin dalma da zinariya yana cikin cibiyar ƙwayar zarra: dalma tana da furoton 82, zinariya 79. Wutar murhu, ko ta kai ina, ba ta isa cibiyar nan, shi ya sa Jabiru da Newton ba su da hanyar cin nasara. Amma a 1980 masana a Kalifoniya, cikinsu da Glenn Seaborg, suka mai da ƙwayoyin wani ƙarfe mai furoton 83 zinariya. A 2025 cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba ta ba da sanarwar cewa tsakanin 2015 da 2018 na'urarta ta samar da cibiyoyin zinariya kimanin biliyan 86 daga dalma. Adadin da girma a kunne, amma nauyinsu duka bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba, kuma ba su daɗe ko ƙiftawar ido ba suka tarwatse. Ashe Ibnu Sina ya yi daidai game da murhu, Farabi ya yi daidai game da yiwuwa. Hukuncin malaman fiƙihu kuwa bai motsa ba, domin tun asali a kan algus aka gina shi, watau sayar wa mutum rinannen ƙarfe da sunan zinariya. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (S.A.W.) ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya barrantar da kansa daga mai algus.

Imamu Gazali, wanda a ke jingina wa hatimin, shi ne kuma ya yi gargaɗi a Almunƙizu minad Dalal game da jahilin masoyin addini, wanda zai ƙaryata lissafin husufi yana zaton kāre Musulunci ya ke yi, sai wanda ya san lissafin da hujja ya ji, ya yi shakkar addinin maimakon lissafin. Mutanen nan biyu, na Katsina da na Ingila, babu wanda lissafinsa ya girgiza masa imani. Abin da ya hana su sakewa, ya sa su ɓoye-ɓoye, shi ne kashi na uku, wanda ba wahayi ya zo da shi ba, ba kuma a iya gwada shi a gaban jama'a. Malamin da ya ce in an faɗa wa wani laƙanin zai karye, ya riga ya toshe hanyar da za a bi a gane ko gaskiya ya faɗa.

Wanda ya karɓi baƙon Katsina a Alƙahira shi ne Shaihu Hasan al-Jabarti, Bahanife, wanda asalin gidansu daga wajen Habasha ya ke, masanin falaki mai ƙera kayan auna lokaci da hannunsa. Ya karanta aufaƙi a wurin baƙon nasa. Abin da mutanen Misira suka fi tunawa da shi kuwa shi ne, a shekara ta 1172, da sikelin kasuwanni ya lalace har haƙƙoƙin mutane suna salwanta, shi ya tara maƙera da masu awo ya gyara ma'aunan, ya wallafa littafi a kansu. Malam Muhammadu da farko a unguwar Darbul Atrak ya zauna, kusa da Azhar, daga baya ya koma gidan Shaihu Hasan, ya yi masa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Da ya cika, Shaihu Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa.